Malam Sajo, Wanda Ya Hana Ɗiyata Kunun Kanwa

Ran kasuwar Gangara labarin ya same ni, ina tsugune gaban mai barkono. Wata ta dafa kafaɗata, na waiga, sai ga Mairo, ɗaya daga cikin masu girki a asibitin da aka kwantar da ɗiyata Rukaiya shekara uku da suka wuce. Muka gaisa, ta tambayi marayan da Rukaiya ta bari, na ce yana nan yana ɓarna. Sai ta ce, "Inna Habi, kin ji mutuminki ya ajiye aiki? Shekarunsa sun cika. Ran Alhamis muka yi mishi rakiya, ya koma wajen danginsa can gefen Sae Sabuwa."

Na ce, "Wane mutumina?"

"Wanda kika zaga mana. Malam Sajo."

Ita dariya take yi, ni kuwa ko barkonon ban saya ba. Shekara uku ke nan ina cewa ranar da na shiga gari zan biya in roƙe shi gafara, kullum ƙafata ta ƙi ƙofar asibitin nan. Ga shi yanzu ya yi nisa, gwiwoyina kuma ba su ɗaukar doguwar tafiya. Gaban jama'a na zage shi, saboda haka gaban jama'a zan faɗi ko shi wane ne.

Shi ne shugaban madafar asibitin, shekara ashirin da bakwai. Duk abin da zai shiga bakin maras lafiya, daga kunun safe har madarar yaran da tamowa ta kama, sai ya bi ta hannunsa. Bafulatani ne dogo, siriri, wanda in ka gan shi ba ka ce a wurin abinci yake wuni ba. An ce ya yi lakol, karatu mai zurfi a kan cimar marasa lafiya, an kuma ba shi buro, wato ofis, da kujera, amma kwana goma sha shida na yi a wurin ban taɓa ganin shi zaune a kanta ba. Daga masallacin asuba mangaza, ɗakin ajiyar hatsi, yake wucewa. Ya cusa hannu cikin buhun gero har gwiwar hannu, ya ɗebo na ƙasa ya shinshina. Ya fasa ƙwayar gujiya da haƙori. Ya leƙa wake ko ƙwari sun shiga. Sa'an nan ya auna na ranar da tiya, ya miƙa wa mata shida da ke ƙarƙashinsa.

Tukunya uku ake ɗorawa. Babbar ta kowa da kowa ce, ta biyu ta masu ciwon sukari. Ta uku an ɗaura mata jan ƙyalle a kunne, ita ba a sa mata gishiri, ba kanwa, ba dunƙulen magi, ludayinta ma daban yake. Mairo ta ba ni labari, wata rana sabuwar mai girki ta tsoma ludayin babbar tukunya cikin mai jan ƙyalle, ta juya miya da shi. Ba wanda ya gani sai shi. Bai ɗaga murya ba. Ya sa aka juye miyar cikin ta kowa, ya naɗe hannun riga ya hura wata wuta da kansa, sa'an nan ya bi gadajen masu ciwon zuciya da hawan jini ɗaya ɗaya yana ce musu abinci zai makara yau, laifinsa ne. Yarinyar ta wuni tana jiran a kore ta. Da la'asar ya ɗaura wa ludayin jan zare ya miƙa mata, ya ce daga yau tukunyar nan tata ce. Mairo ta ce har ya bar aiki yarinyar ce ke riƙe da ita, kuma ko kuda ba ta bari ya ratsa tsakanin tukwanen nan.

Amma inda aka fi sanin shi ƙarƙashin itatuwan bedi ne, bayan ɗakunan kwana, inda mu da muka kawo namu muke kafa duwatsu mu yi girki. Da hantsi sai ka ji ana raɗa, "Ga jandarman tukunya nan." Ya bi murhu murhu, ya yi sallama, ya tsuguna, ya tambayi na wa ake dafa wa, ya buɗe. Ya san kowane gado da abin da aka hana mai shi. Akwai wata tsohuwa daga wajen Gidan Rumji da ba ta barin shi ya wuce lafiya.

"Malam, aure ka zo nema ko ƙanzo?"

"Ƙanzo, Iya. Aure sai na ga yadda kike da gishiri."

"To ka mutu gwauro, ni hannuna nauyi gare shi."

Ana dariya zai zame mata rabin gishirin daga tafin hannu, ta bi shi da muciya.

Ni ban yi dariya da shi ba. Rukaiya ta haihu da kwana ashirin ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagare ta, in ta kwanta sai ta zabura ta zauna. Da muka kawo ta lokotoro ya ce zuciyarta ce ta gaji, ruwa ya taru a jiki, a raba ta da gishiri da kanwa. Na ji da kunne, ban ji da zuciya ba. Haihuwa tara na yi, kowace sai na sha kunun kanwa kwana arba'in, haka uwata, haka kakata. Mai jego ba kunun kanwa, da me za ta yi ƙarfi, da me nono zai zo? Abincin mai jan ƙyalle kuwa lami ne, Rukaiya ta kai loma biyu ta ture. Ina kallon ɗiyata tana ramewa a sama tana kumbura a ƙasa. Sai na kwance kanwata daga bakin zane, na dama kunu a bayan katanga, na zuba a tarmos mai riƙe zafi na rufe da mayafi. Kwana biyu ina ba ta.

Rana ta uku Malam Sajo ya tsaya a kan murhuna. Tukunyata a wanke take, na kife ta. Ya ɗauki ludayin ya kai hanci, ya ajiye.

"Inna, ina tarmos ɗin?"

"Wane tarmos?"

"Kanwa ba ta ɓuya. Don Allah ki ba ni."

Mata sun bar girki suna kallo. Kunya da tsoro suka haɗu suka zame mini faɗa. Na miƙe na ce, "Kai ka taɓa haihuwa? Ka taɓa zaman jego? Namiji da gemunka ka bar shanun ubanka a daji ka zo kana leƙen tukwanen mata. Allah ya sawwaƙe wa uwar da ta haife ka, ta yi asarar naƙuda." Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Wanda ya san Fulani ya san abin da ambaton uwa yake a wurinsu. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gaskiyarki, ban taɓa haihuwa ba." Ya tafi, bai karɓi tarmos ɗin ba.

Na ɗauka majo, babban ma'aikacin jinya, zai turo a fitar da ni. Bayan azahar sai ga shi da ƙwarya da ƙunshi a hannu: garin gero, tsamiya, citta, kanumfari, masoro, ƴar gujiya soyayya. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce, "Inna, shekara da shekaru ina son in dama wa masu jego kunun da za su sha ba kanwa, kullum sai su ce na asibiti ne. Hannun uwa suke nema. Ke kin san yadda ya kamata ya ji a baki, ni na san abin da bai kamata ya shiga ba. Ki dama, in tsaya."

Na dama don in kunyata shi. Na ɗanɗana na ce ba yaji. Ya ƙaro citta. Na ce tsamin ya yi yawa. Muka sake. A damu na huɗu na rasa abin kushewa. Ya ce in kai mata da kaina, kada in ce da hannunsa a ciki. Rukaiya ta shanye kofi guda, ta ce, "Inna, yau kin ji tausayina." Da na fito na kai tarmos ɗin bakin kwata na tuntsurar. Yana tsaye can yana magana da Mairo, ya yi kamar bai gani ba.

Kwana takwas tana shan kunun nan. Kumburin ya ɗan sauka, har ta zauna ta yi wa jaririnta wasa, muka fara zancen gida. Ran Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Shekarunta ashirin da biyu.

Bayan an kai ta, Malam Sajo ne ya je ya nemi a bar ni ƙarin kwana biyar a ɗakin yara da jaririn, Ridwanu, har na iya tafasa ruwa, da auna madara, da ba shi da ɗan kofi ba tare da ya shaƙe ba, kafin gwaggonsa mai goyo ta karɓe shi. Na koyi duk wannan ban ɗaga ido na dube shi ba.

Ran addu'ar arba'in sai ga Malam Sajo bisa babur ɗin kabu-kabu a ƙofar gida. Ya gaisa da maza, ya nemi a yi mishi iso. Ya zauna bakin tabarma ya yi ta'aziyya. Maganar da ta hana ni cin abinci tun ranar, wadda ban iya yi wa ko mijina ba, ita ta fito.

"Malam, ni na kashe ta?"

Na so ya ce a'a da sauri, yadda kowa zai ce.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna. Kanwar ba ta taimake ta ba. Amma na ga waɗanda ba su taɓa sha ba ciwon ya kama su, na ga waɗanda suka sha suka tashi. Ba ni da sanin da zan ce ga abin da ya kai ta, kuma wa'adi na Allah ne. Abin da kika sani shi kika ba ta, don kina son ta. Yanzu kin san wani abu. Kina da sauran ɗiya mace?"

Na ce akwai Farida, ba ta yi aure ba tukuna. Sai ya janye ƙafar wandonsa, ya danna babban yatsa a ƙwaurinsa, ya ɗaga. Ya ce in ta haihu in riƙa yi mata haka kowace safiya. In naman ya taso, lafiya. In rami ya zauna, kada in jira la'asar, kada in jira mai gida ya dawo daga gona, a ɗaura amalanke a kai ta asibiti. Ya sha ruwa ya tafi. Ko na gode ban ce ba, balle ka yafe ni.

Malam Sajo, kai ne makiyayin da ya yi kiwo da ludayi. Kai ne ka ji an ambaci mahaifiyarka gaban mata ashirin, ka dawo da tsamiya a hannu. Da ka ce mini ba ruwan kanwa, da na samu barci a ranar, da kuma na dama wa Farida ita. Da ka ce ni ce, da ban sake ɗaga kai ba. Ka ba ni gaskiya daidai yadda zan iya haɗiyewa, kamar yadda kake auna wa yaran nan madara. Uwar da ta haife ka ba ta yi asara ba, ni na yi ƙarya, kuma ina roƙon ka da ita ku yafe mini. Allah ya sa hutunka ya zama hutu, ya ba ka lafiyar da ka nema wa ƴaƴan wasu. Na gode.

Ku da kuka gaji madafar nan, da duk mai riƙe da abincin maras lafiya a ko'ina, kada ku tsaya a buro. Ku fita ƙarƙashin itatuwa, can ake dafa abin da ake ci da gaske. In tsohuwa irina ta zage ku, tsoro ne ke cin ta, ku koma wajenta bayan azahar.

Bara Farida ta haihu, a nan garinmu take aure, katanga biyu tsakaninmu. Ran wanka na fari dangin mijinta suka kawo kanwa cike da kwano. Na karɓa na yi godiya, na ce a kai wa awaki. An yi surutu, har uwar mijinta ta ce asibiti ya ɓata ni, ta yi sati ba ta amsa gaisuwata. Na dama nawa mai citta da tsamiya kwana arba'in, nono ya zo har yana zuba. Yanzu mata biyu a unguwarmu sun aiko a koya musu, a ɓoye, kada surukai su ji.

Yarinyar Farida har ta fara rarrafe. Amma kullum da safe in Farida ta shigo gaishe ni, sai in ce ta miƙo ƙafa.

"Inna, arba'in fa ta wuce tun kafin girbi."

"Miƙo dai."

Sai ta miƙo tana dariya. In danna yatsa a ƙwaurinta, in ɗaga, in tsaya ina kallo har naman ya taso ya cike. Sa'an nan nake amsa gaisuwar.