Aiken da Dattawan Garinmu Suka Yi Mini

Ina tsakiyar kwance gaban wata mota a shagon kayan gyara da nake aiki a Ras Al Khor, nan Dubai, kiran kawuna ya shigo. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, kuma ba ya kira sai da dalili. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "An rushe mu."

Na ɗauka katangar gida ce ta faɗi. Ya ce a'a, ƙaramar hukumarmu aka soke, an mayar da mu ƙarƙashin wadda aka yanko mu daga cikinta.

Ina ɗan firamare aka ba mu ita. Na tuna mata na guɗa, an yanka sa a bakin kasuwa. Garinmu kashi biyu ne, 'yan tudu da 'yan gangare, kuma ba wata aƙida ce ta raba su ba: duk jam'iyyar da tudu suka shiga, gangare sai su shiga ɗayar. Zaɓen farko tudu suka ci. Wani malamin makaranta ya zama shugaba, kawu ya zama kansilan mazaɓarmu. Suka gina ƙaramin asibiti, suka ja ruwan famfo, sai dai famfon a tudu ya tsaya. A zaɓe na biyu gangare suka rama, suka sallami masu gadi da masu shara 'yan tudu. Kawu ya daɗe ba ya sayen nama wurin mahaucin gangare. Duk da haka kowa ya san ƙuri'arsa ce ta yi aiki, kuma in shugaba ya ɓata maka rai, a ƙofar masallaci za ka tare shi.

Daga baya sai aka riƙa turo mana kantoman riƙo daga babban birnin jiha, wannan ya tafi wancan ya zo. In ma an yi zaɓe, jam'iyyar da ke mulkin jiha ce ke kwashe kujerun duka. Zaɓen ƙarshe da na tsaya a layi, har rana ta take akwati bai iso ba. Muka watse, da la'asar muka ji sakamako a rediyo. Ba da jimawa ba na fito neman abinci.

Kawu ya ce yanzu dattawan tudu da na gangare sun zauna kan tabarma ɗaya. Sun yi ta zarya babban birni, ba a bari sun ga kowa ba. Amma sun ji cewa attajirin da ke juya siyasar yankinmu, wanda sai da yardarsa ake tsayar da ɗan takara, yana Dubai yana hutawa.

"Kai ne namu a can. Ka je ka same shi, ka kai kukanmu."

"Kawu, ni fa ƙarfe nake kwancewa."

"Ba gari ɗaya kuke ba?"

Na rasa yadda zan fahimtar da shi cewa Dubai ɗin mutumin daban, tawa daban. Na ce to.

A unguwar Satwa nake kwana, mu da yawa a ɗaki. Cikinmu akwai wani ɗan Ghana, ɗan zango, mai ɗaukar jakunkunan baƙi a otal. Shi ya bi ta abokan aikinsa har ya gano inda mutumin ya sauka. Ya ce mini, "Bayan la'asar yake fitowa. Ka sa kaya masu kyau, kuma kar ka tsaya bakin ƙofa, masu gadi za su kore ka. Ka shiga ka zauna kamar kana jiran wani."

Na ari babbar riga wurin wani tela ɗan garinmu, na roƙi mai shago rabin yini. Ya kalle ni ya ce, "Yalla, je ka, amma gobe da sassafe." A falon otal ɗin na zauna ina ɓoye hannuwana cikin riga, don baƙin man mota ya ƙi fita daga farcena. Na yi ta maimaita maganar a zuci har ta fara ruɗe mini.

Da attajirin ya sauko, mutane na biye da shi, na tashi na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, dattawan garinmu ne suka aiko ni." Na faɗi sunan garin.

Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata. "Ikon Allah, mutanenmu ko'ina suna nan. Ina malamin nan, shugabanku na farko?"

Na ce ai ya daɗe da rasuwa. Ya yi masa addu'a. Na samu na shigar da saƙona: an kwashe ma'aikatan asibitinmu an mayar da su hedikwata, mace mai naƙuda sai an ɗora ta a babur, takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma kuwa sai mutum ya kashe yini guda a hanya. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya saurare ni har na gama.

"Wannan maganar doka ce, ta wuce hannuna," in ji shi. "Da kun haɗa kanku tun farko, da ba a kai nan ba."

"Ranka ya daɗe, yanzu sun haɗa."

"Yanzu kuma?" Ya girgiza kai. "Ka ce su same ni in na koma gida."

Na buɗe baki zan ce a gidan ne ba a barinsu su shiga, sai aka buɗe masa ƙofar mota.

Ban iya komawa ɗaki ba. Na hau jirgin metro zuwa unguwar Deira, na zauna bakin ruwa inda ake hawa kwalekwalen fito da ake kira abra, na kira kawu. Ashe dattawan suna tare da shi tun azahar, an ajiye wayar a tsakiya kowa na ji. Na faɗa musu yadda muka yi, ban ƙara ba ban rage ba. Na duba wayar ko layin ne ya yanke. Can wani tsoho, daga muryarsa na gane ɗan gangare ne, ya ce, "Amma dai ya saurare ka?"

"Ya saurara, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka."

Da a ce faɗa suka yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Da attajirin ya koma gida, dattawan sun je, an ce musu yana barci. Sun sake zuwa, an ce ya yi tafiya. Da zaɓe ya zagayo, garinmu gaba ɗaya mazaɓa ɗaya aka mayar da shi, ɗan takarar kuma a birni yake zaune, yara ma ba su san fuskarsa ba. Mahaifiyata ta ce ranar kawu bai fita ba, ya wuni a zaure da rediyonsa a kashe. Ƙafafunsa sun fara kumbura, asibitin kuma sai ranar kasuwa ake buɗe shi. Duk da haka, in mun yi waya, bayan ya tambayi aiki da zafin gari, yakan ce in ci gaba da sa kunne, ko mutumin zai sake shigowa. Ni kuma in ce to, Kawu.