Taɓaryata da Gogen Baba

Ranar Larabar da ruwa ya malale Makka har ya shiga Harami, a shekara ta 1360 bayan Hijira, ita ce ranar da na fara jin gogen mahaifina da kunnena. Ina 'yar shekara tara ko goma. Gidanmu yana jikin dutse a saman unguwar Misfala, ɗaki biyu na gwangwanin kananzir da aka baje aka kafa a itace, ruwa yana dukan rufin har mutum ba ya jin tarin kansa. Abokan Baba biyu suka gudo wurinmu don ruwa ya ci ɗakunansu, kowa da abin kiɗansa a cikin riga, tabarma da tukunya kuwa an bar wa ruwa. Baba ya dubi rufin, ya dube ni, ya ce yau Allah ya ɗauke mini aiki, in shigo in zauna.

Aikin nawa daka ne. A lokacin an hana kiɗa a garin, masu sanda na hukuma suna zaga lunguna, in sun kama abin kiɗa su fasa, mai shi ya sha bulala, baƙo kuwa ana iya korarsa. Saboda haka kowace Juma'a bayan la'asar sai su Baba su shige ɗakin ciki, su toshe kafofi da tsumma, ni kuma in tsaya tsakar gida da turmi in yi ta daka don in danne sautin. In akwai gero in daka gero, in babu in daka ƙwallon dabino na akuyarmu. Maƙwabciyarmu takan leƙo ta katanga ta ce, “Wannan gida, daka kullum, tuwo sai ran salla.”

Baba Bakatsine ne, ɗan garuwa, shi ke da goge. Baba Isufu mai wanki ya zo da gurmi daga Damagaram, Baba Hima Bazabarme mai tsire yana da molo. A takarda ɗaya na Ingilishi ne, biyu na Faransa, a bakin mutanen gari kuwa duk Takari ne. Sai a ɗakin nan kowa yake komawa ɗan garinsu. Sukan ɗauki kiɗan noma ko na biki da ɗaya ya taso da shi, su raba shi uku: goge ya yi kira, gurmi ya amsa, molo ya kwanta a ƙasa yana riƙe da su. In sun fito kuma gardama, kowa yana cewa ɗan'uwansa ya ɓata masa kiɗan ubanninsa.

Ni ba ni da garin da zan koma. A hanya aka haife ni, cikin ƙasar Sudan, can kuma aka binne mahaifiyata. 'Yan matan lungunmu suna wasan 'yar tsana ba sa kirana, sababbin alhazai kuma suna dariyar Hausata. Abin da nake so a duniya shi ne ɗakin nan, ga shi ni aka sa in rufe shi da ƙara. Na tsani turmin kamar me.

Ran ruwan nan na ji abin da nake rufewa. Baba ya shafa ƙaro a tsagiya, ya ja wani kiɗan gayya da ya ce mahaifiyata tana so, muryar gogen kamar ta mace mai kira daga nesa. Na yi ta kuka ba wanda ya hana ni. Da gari ya bushe na koma bakin turmi, in na roƙa a bar ni in shiga sai Baba ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya ja ƙofa.

Daga baya zazzaɓi ya ɗauke Baba Hima a wani lokacin aikin Hajji. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare jiragen ruwan alhazai suka dawo, Baba Isufu ya koma gida. Tsagiyar gogen kuma, da yake gashin wutsiyar doki ce, tana ta tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa jaki da raƙumi muka sani. Baba ya daina taɓa shi. Na ɗauka zan ji daɗin hutu, sai Juma'a ta zama ranar da ta fi kowace tsawo.

Ana gab da bikina, wata Juma'a ya sauko da gogen ya ce in ɗauko taɓarya. Raina ya ɓaci. Na ce ɗan gashin da ya rage ko kyanwa ba za ta ji kukansa ba, me zan ɓoye kuma?

“Ya binti, 'yata,” ya ce, “ke kin zaci ɓoye mu kawai kike yi? Mun baro masu kiɗan ƙwarya a gida. Taɓaryarki muke bi. Ran da kika yi fushi mu yi sauri, ran da kika gaji mu ja a hankali.”

Ya sa na jawo turmin bakin ƙofa, ya bar ta a buɗe. Na daka a hankali, ya bi ni, muka yi har aka kira magariba. Bai sake kaɗawa ba, don sauran gashin bai kai wata Juma'ar ba.

Yanzu ina zaune a bene a unguwar Ka'akiyya, inji ke niƙa mana komai. Jikokina suna kunna kiɗa ƙofa a buɗe ba mai tsoro, Hausarsu kuwa ba ta wuce gaisuwa ba. Na taɓa sa an kawo mini kaset ɗin goge daga gida, na saurara, ban sami na Baba a ciki ba. Shekara da shekaru ina cikin kiɗan nan, ni kaɗai ce ba na jin sa.