Gemun Walt Pawlak

"Ke za ki je ki same ta, Farfesa. Mu in ta gan mu a ƙofa, tsintsiya za ta ɗauko."

Armand ke wannan magana, hularsa a hannu, a shagon gahawar da muka saba haɗuwa duk safiyar Asabar. Ranar kuwa Talata ce, kuma ba abin da ke tara mu ranar Talata sai rashi. Jiyanta, Litinin ashirin da bakwai ga Afrilu, Allah Ya karɓi ranka, Walt Pawlak, kana garejinka da tsakar rana, rediyo a kunne. Zuciya ce, in ji likita. Shekararka saba'in da huɗu. Maƙwabcin da ya fara isa gare ka ya ce tashar wasanni ce ke ta surutu a kanka, kamar akwai wanda ya zaci wata tashar.

Na ce, "In je in ce wa matarsa me?"

Duane, wanda tun da na san shi bai taɓa barin kowa ya kai ƙarshen zance ba, ya ce, "Kada a aske shi mana! Masu shirya gawar nan da sun ga gemu sai reza. Yaranmu wasa ɗaya ya rage a kore su, sannan a aske Walt? Ai gara a kulle filin kowa ya huta."

"Mutumin ya mutu, Duane."

"Shi ya mutu. Gemun me ya yi?"

Kowa a garin nan ya san ƙa'idar. Idan ƙungiyarmu ta hoki, wato ƙwallon sanda a kan ƙanƙara, ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, 'yan wasa ba sa aski sai an fitar da su ko sun ɗauki kofi, magoya baya masu tsananin aƙida kuma su bi sahu. Kai ne uban tafiyarsu. Da gemun nan ka raka 'yarka Teresa coci ranar aurenta; hotunan suna nan, kamar daga gandun daji aka kamo ka aka sa maka kwat. Kofin dai bai taɓa zuwa ba. Na taɓa nuna maka cewa shekara da shekaru sun tabbatar gemunka ba ya aiki, ka ce, "Ke kin san inda za su ƙare da babu shi?" A jami'a, ɗalibin da ya kawo mini irin wannan hujja kayar da shi nake yi. Kai kuwa sai na ƙara maka gahawa.

Kai ka shigo da ni teburinku na shagon gahawa, sama da shekara ashirin ke nan. Ina gefe ina duba takardun jarrabawa, kuna ta ihu a kan wani mai jifan ƙwallo da ƙungiyar besbol ta sayo da dalolin da za su gina asibiti. Ka juyo ka ce, "Ke mai jan biro, an ce tattalin arziki kike koyarwa. Mutumin da ke aiki rana ɗaya ya huta huɗu, hannun nasa na zinariya ne?" Na gyara zama na yi muku bayani tiryan-tiryan. Ba wanda ya saurara. Da na gama ka jawo mini kujera. Sai daga baya na gane ba alƙali kuke nema ba, gardamar da aka raba ta mutu, ku kuwa da ita kuke karyawa.

Lokacin ƙanƙara, teburin gasar hoki ne karatunku: wa ya hau, wa ya zame, wa ya ci albarkacin alƙalin wasa. Da zafi ya shigo sai besbol: wa ya cancanci albashinsa, wa ke cin banza. Afrilu, da wasannin biyu ke haɗuwa, shi ne watan bikinka. Aƙidarka guda biyu ce, kuma ka riƙe su da ƙarfi ɗaya: cewa kuɗi ba ya sayen kofi, da cewa masu ƙungiyarmu marowata ne shi ya sa ba ma cin kofi. Na sha nuna maka ba sa zama a kwando ɗaya. Ka ce kwandona ne ƙarami.

Amma ba don bakinka kaɗai nake rubuta wannan ba. Rabin yaran unguwar nan a garejinka aka wasa musu ƙarfen takalman ƙanƙara, kuma ba ka taɓa karɓar komai ba sai alkawarin cewa ba za su goyi bayan abokan hamayya ba. Shekarar da aurena ya mutu, duk safiyar da ƙanƙara ta zuba sai in tarar an share mini hanyar mota. Da na yi maka godiya ka ce injinka na share ƙanƙara ne ba shi da birki.

Sai kuma shekarar da matar Armand ta rasu, ya kulle kansa a gida. Ba ka kai masa fure ba, ba ka yi masa wa'azi ba. Waya ka buga masa ka ce ka sake tunani, mai jifan nan mai tsada da kuka haɗu kuna zagi, ashe ya fi kowa a gasar. Armand ya iso shago da takalmin gida a ƙafarsa, yana huci. Kakar wasa guda ka yi kana kare mutumin da ba ka ƙi jinin kowa kamarsa ba, Armand bai fasa Asabar ko ɗaya ba. Ya gano ko bai gano ba, ban tambaye shi ba. In ya karanta wannan, to ya yi haƙuri.

Haka na ɗauki saƙon gemu na nufi gidanka, ina jin kunyar kaina. Na tarar da matarka Lorraine a kicin, tebur cike da kwanonin abincin da maƙwabta suka kawo. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Tsofaffin banzan nan ne suka turo ki."

Na ce su ne.

"Sun zaci na ƙagu a aske shi." Ta ture wani kwano ta zauna. "Marian, wa kike tsammanin yake aske shi duk shekara?"

Ban sani ba. Ba wanda ya sani a teburin. Ashe duk washegarin da aka fitar da ƙungiyar, a kujerar kicin ɗin nan kake zama, ta ɗaura maka tawul, ta kaɗa kumfa, ta aske ka da hannunta. Ta ce a duk shekara wannan ne kaɗai lokacin da kake yin shiru, domin reza na maƙogwaronka, ita kuma ta faɗi duk abin da ta tara tun kaka. Zancen rufin ɗaki, zancen Teresa, zancen maganin da ba ka sha. Wani lokaci ma ba zancen komai.

"Shekara arba'in da wani abu ina roƙon Allah a kore su da wuri, a maido mini da fuskar mijina," in ji ta. "Kuma Allah bai taɓa ba ni kunya ba. Kada ki faɗa wa Duane."

Yanzu ga inda ta tsaya. In ta aske ka kafin a fitar da su, ta karya maka abin da ba ka taɓa karyawa ba, kana kwance ba ka da bakin musu. In aka binne ka ranar Juma'a yadda aka tsara, da gemunka, ta rasa askinta na ƙarshe, kuma tana da magana. Ta ce, "Ke mai lissafi, za su kai labari?"

Na ce mata gaskiya: da ƙyar su wuce Laraba.

"To a jira su."

Ta kira fadan cocinsu, ta kira masu shirya gawa, ta ce a ɗaga jana'iza sai ta yi magana. Laraba yaran suka ci. Juma'a suka sake ci. Ban taɓa ganin teburinmu cikin irin wannan ruɗu ba: Duane ya buɗe baki zai yi murna, ya tuna, ya rufe. Lorraine kuwa, wadda ba ta taɓa kallon wasa har ƙarshe ba, Teresa ta ce a bakin kujera take zama tana yi wa mai tsaron gida tsawa. Kowace nasara kwana biyu ce da ba a kai ka ƙasa ba. A karon farko a aurenku kun goyi bayan ƙungiya ɗaya, ba ka nan balle ka yi mata gori.

Lahadi aka kore su, kamar yadda suka saba.

Allah Ya jiƙanka, Walt, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ya saka maka da alherin da ka yi a ɓoye ka ɗora wa inji laifi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Lorraine, da Teresa da mijinta da 'ya'yansu, da Armand da Duane, waɗanda yanzu ba su da wanda za su haɗu su ƙaryata. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Litinin da safe ni na kai Lorraine gidan shirya gawa. Ta rungumo jaka da tawul da kwanon kumfa da rezarka. Ma'aikacin wurin ya ce cikin ladabi suna da wanda ya ƙware a wannan aiki. Ta ce ita ma. Na bi ta har bakin ɗakin, na hango ka kwance, gemun ya yi fari fat, ya fi na kowace shekara kyau. Ta ajiye jakar, ta naɗe hannun riga, sannan ta juyo.

"Je ki abinki, Marian. Ba a kallo."

Kafin ƙofar ta gama rufuwa na ji ta ce, "To, Walter. Yanzu sai ka saurara."

Na ɗauki makullin motata na fita.