Ƙeyar Larai

Duk wanda ya yi lise, wato babbar sakandare, a Tawa a shekarun nan na zaɓe da yajin aiki ya san Mushe Daniyel (Mushe shi ne yadda ake kiran malami da Faransanci), ko da bai taɓa zama ajinsa ba. Dogo ne siriri, mutumin Dogondutsi, kullum da kiriyon, fensirin zanensa, saƙale a kunne da baƙin gawayi a yatsu. Zane yake koyarwa, darasin da sauran malamai suka ɗauka wasan yara ne. Shi ko a jikinsa. Cikin manyan ɗalibai yakan tsamo ƴan kaɗan masu hannu, ya ware musu ranar Asabar, ya koya musu abin da ya wuce zanen tulu da ƙwarya: haske da inuwa, ƙirar jikin mutum, haɗa launi.

Mafaɗaci ne, kuma dokarsa ɗaya ce: ba a zana abu da ka, sai abin da ido ke kallo. Ranar da Sidi, wani ɗalibinsa ɗan Barmu, ya kawo masa zanen raƙumi yana jiran yabo, Mushe ya juya takardar sama da ƙasa.

"Wanga raƙumi, ina ka gane shi?"

"Cikin kaina, Mushe."

"To kanka maƙaryaci na. Tahi kasuwa ka dibi raƙumi."

Da yajin aiki ya yi tsawo aka garƙame makaranta, kuɗin sefa kuma ya faɗi har fenti ya gagari talaka, wani malamin da sai ya naɗe hannu. Daniyel ya kwashe ajinsa ya mai da shi gida, ƙarƙashin itacen bedi. Sidi ya riƙa kawo jar ƙasa daga garinsu, su niƙa, su kwaɓa da ƙaro. Takarda kuwa ta buhun siminti ce. Ba wanda ya tsira daga hannunsu: mai garuwa, mai wanzanci, tsohuwa mai tallan goro, kowa an zaunar da shi an zana.

Kowa, ban da matar gidan. Larai mace ce mai fara'a da yawan tsokana, ita ke dama wa ɗaliban fura, amma kunya gare ta ta ban mamaki in aka zo ga kallo. Da ta hangi mijinta ya ɗaga kiriyon yana ƙanƙance ido, sai ta juya masa baya.

"Haba Mushe, gaban yara za ka tsare ni da ido awa raƙumin kasuwa? In zane kaka so, ga ƙeya."

Ɗalibai su kwashe da dariya. Wata Asabar haushi ya kama shi, ya ce to ƙeyar zai zana. Tana zaune tana tsince shinkafa, ya zana ta tsaf: ɗaurin kallabi da ya karkata hagu, jelar kitso biyu, bayan kunne da ɗan kunnen azurfa, da tabon ƙaho guda a gindin wuya. Ya nuna wa ɗalibai yadda haske ke sauka a kan fata, ya jefa takardar cikin kwali ya manta da ita. Hotunan bikinsu ma da gara ta cinye a akwati bai damu ba. Ya ce gidan mai zane ba a kai wa mai hoto kuɗi, zai yi mata wanda ya fi. Ina saurin yake? Tana nan kullum.

Bazarar casa'in da biyar sanƙarau ya shigo gari. Larai ta tashi da ciwon kai, ta ce rana ce. Kafin la'asar wuyanta ya ƙi lanƙwasa. Aka kai ta asibiti, inda mutane ke kwance har bakin baranda, ba ta ga Lahadi ba. Ta bar ƴarsu Hanatu, wadda ba a daɗe da sauke ta daga goyo ba.

Bayan an share makoki, yayarsa Balaraba ta ce za ta tafi da yarinyar Dogondutsi. Namiji shi kaɗai, albashi sai an ga dama, wa zai yi mata kitso? Bai yi musu ba, gaskiya ta faɗa. Abu ɗaya ya roƙa, ta ba shi ƴan kwanaki. Ba ya son ƴarsa ta tafi ba ta da fuskar uwarta, don yaro mai shekarunta mantuwa ba ta yi masa wuya.

Ya zauna da takarda mai kyau, ta ƙarshe da ya ɓoye tun kafin tsada. Nan ne abin tausayi ya faru. Mutumin da ya zana rabin Tawa ya nemi fuskar matarsa ya rasa. Yana jin muryarta, yana jin dariyarta, ya san tana da wushirya, amma da ya ɗora ido sai hanci ya gudu, da ya kama baki sai ya ga na wata ne. Hannun da ya hana yin aiki da ka shekara da shekaru ya ƙi ya koya yanzu. Ya goge, ya sake, har takardar ta huje. Ya kifa kai a kan gwiwa ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta.

Ranar Asabar ɗalibai suka zo, ba don darasi ba, don su zauna da shi. Ya raba musu takardun siminti, ya ce ba tare da ya dube su ba, "Ku zana min ita. Da ka."

Ba wanda ya yi dariya, ko Sidi. Suka duƙufa har rana ta karkata. Lalla, wadda ta fi kowa hannu a ajin, tana zane tana share hawaye da gefen mayafi. Da suka gama aka jingina takardun a bango. Duk sun yi kyau, kuma babu biyu da suka yi kama. Lalla ta samo wushiryar, Sidi ya samo girar, wani ya samo kumatun. Larai dai ba ta cikinsu, shi ma ya sani, su ma sun sani.

Duk da haka ya ɗauko Hanatu ya tsayar da ita a gaban bangon, ko Allah zai sa.

"Ɗiyata, dibi da kyau. Wa ta wagga?"

Yarinyar ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa a baki. Ta ɗago ta dube shi. "Baƙi na, Baba?"

Ya sake ta. Ɗalibai suka soma tattara kayansu shiru, ita kuma ta koma wasanta, ta faɗa wa kwalin tsofaffin zane tana watso su waje: mai garuwa, mai wanzanci, raƙumin kasuwa. Can sai ta tsaya. Ta jawo wata takarda da hannu biyu, ta shimfiɗa a kan tabarma.

"Ga Inna!"

Ƙeyar ce. Daniyel ya daskare a tsaye. Shi bai taɓa tunawa ba: yarinyar da ta yi rayuwarta kusan duka a goye, wannan ne abin da take buɗe ido ta gani. Ta san karkatar kallabin nan, ta san tabon nan, a kansa take barci.

Hanatu ta kwanta rub da ciki, ta ɗora kumatunta a kan gindin wuyan kamar yadda ta saba. Ta ɗan jira. Sannan ta bubbuga takardar da tafin hannu, a hankali, irin bugun da take yi in tana son nono.

"Inna," ta ce, "juyo mana."