Ɗana da Ba Ya Gumi

Ɗana na fari a Greensboro na haife shi, ana tsakiyar sanyi, shi ya sa muka yi watanni ba mu san da wata matsala ba. Lokacin ina kitso a wani shago a East Greensboro, mijina kuma yana lodin kaya a wani sito. Daga Damagaram muka zo, saboda haka ban taɓa ɗaukar zafin Amurka a bakin komai ba.

Da zafi ya shigo sai yaro ya fara zazzaɓi. Jiki ya yi rau, ya yi ta kuka, in na kai shi asibiti kuma kafin a kira mu ya huce a sanyin ɗakin jira. A duba, a ce ba a ga komai ba. Har na fara jin kunyar ma'aikatan.

Wata dattijuwar likita ce ta tambaye ni ta bakin tafinta, "Kin taɓa ganin ya yi gumi?"

Na buɗe baki zan ce e, sai na tsaya. Kullum in na sauke shi daga goyo bayana sharkaf yake, amma goshinsa da wuyansa a bushe. Ashe gumin nawa ne ni kaɗai.

Bayan gwaje-gwaje ta zaunar da mu, ta ce a fatar mutum akwai 'yan ƙananan maɓuɓɓugai masu fitar da gumi, shi kuwa nasa ba su tsiro ba sai ƙalilan. Ta ambaci wani suna da ta ce sai a tsofaffin littattafan likitanci, an daina amfani da shi, sannan ta faɗi na yanzu. Ko ɗaya ban riƙe ba. Ta ce haƙoransa ma za su yi jinkiri, kuma ba za su cika ba.

Na ce, "To, maganin fa?"

Ta ce, "Inuwa da ruwa. Ke za ki riƙa sanyaya shi har ya iya da kansa."

Na ɗauko kwalbar da nake fesa wa gashin masu kitso ruwa, na wanke ta, ta koma jakata. A tashar bas na fesa masa, a bakin masallaci na fesa masa. Yana ƙarami dariya yake yi. Da ya shiga makaranta sai ya fara kau da kai, yana ce mini da Turanci, "Mama, ana kallonmu."

Wata Asabar cikin Yuli mutanenmu suka haɗa walima a wani filin shaƙatawa. Yara maza suka fara ƙwallo, ɗana kuma na ajiye shi kusa da ni a ƙarƙashin rumfa. Bai yi kuka ba, ya dai zuba musu ido, abincinsa ko taɓawa bai yi ba.

Akwai wani Alhaji ɗan Gana, direban tasi, wanda duk yaran ke kira Baba. Ya matso ya ce, "Ɗiyata, me ya hana jikana wasa?"

Na yi masa bayani. Na ce in ya jiƙa rigarsa zai iya na ɗan lokaci, amma ya ƙi, wai za a yi masa dariya.

Alhaji ya miƙe, ya je wajen robar da aka zuba ƙanƙara da lemo, ya kamfato ruwan da kwano ya sheƙa wa kansa, har hula, yana sanye da farar shadda. Sannan ya ɗaga murya, "Yau duk wanda rigarsa ba ta jiƙe ba, ba ya cikin wasan nan!"

Yara suka yi ca a kan robar suna ihu. Nawa ya dube ni, na gyaɗa masa kai, ya ruga. Gudunsa duk a karkace, ƙwallon ma da ƙyar ya taɓa ta, ni kuwa ina bakin fili ina bin sa da ido. In an jima Alhaji ya tsayar da wasa, kowa ya koma ya sake jiƙewa. Hajiyarsa tana gefe tana faɗan shadda, shi ko a jikinsa.

Bayan 'yan shekaru Alhaji ya ajiye tuƙi zai koma Kumasi, muka tafi yi masa sallama. Ɗana ba ya son yin Hausa, don yana jin nauyin yadda kalmomi ke fita ta giɓin haƙoransa. A mota ya ce in koya masa abin da ake gaya wa matafiyi, ya yi ta maimaitawa har muka isa. Ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baba, Allah ya kai ka gida lafiya."

Alhaji ya ce, "Amin, jikana." Ya jawo shi ya zaunar da shi a gefensa, ya ce wa Hajiya ta kawo wa babban baƙo abinci.