Zarami Mai Nutso da Fina-finan Malam Irmiya

Duk wanda ya yi wayo a Haɗejiya kafin a yanki Jigawa daga Kano, in ka ce masa Zarami ba zai tambaye ka wanne ba. Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, idanunsa kullum jajaye saboda ruwa. Sana'ar su ya gada wurin ubansa, kuma da ita yake ciyar da gidansa. Amma ba da kifi ya yi suna ba. In kogi ya ci mutum, shi ake aika wa.

Ruwan kogin nan in ya cika ja yake zama, kauri gare shi kamar kunun kanwa. Ka nutsa kamu biyu, ko tafin hannunka ba za ka gani ba. Saboda haka Zarami rufe ido yake in ya shiga, ya bi ƙasa da lalube, ya bi saiwa, ya bi ciyawa, har hannunsa ya faɗa kan abin da ba itace ba. Sai ya ɗaura wa gawar igiya a ƙafa, ya girgiza, na kan tudu su ja. Kafin ya fito dangi sun lulluɓe nasu da zane, shi kuwa ya juya baya ya wanke jiki ya kama hanyar gida. Shekara talatin yana wannan aiki, ya fid da mutum sama da arba'in, ba a taɓa jin ya ce yau ba zai iya ba. Mutane suka ce laya ce, wasu suka ce ya yi alkawari da mutanen ruwa. Shi dai bai musa wa kowa ba. In an matsa masa sai ya ce, "Ni fa ban taɓa ganin kowa a ƙasa ba. Kaya nake taɓawa, in ɗaure, a ja."

Malam Irmiya kuwa mutumin Filato ne, malamin firamare, wanda aiki ya kawo shi ya kuma ƙi komawa. Ya sayi bidiyo da talabijin da wani tsohon janareta mai tari, ya jera benci shida a shagon da ke jikin gidansa. Mutum ne mai lura. Ya ga cewa daga watan takwas zuwa na goma, lokacin da kogi ke tumbatsa ya shafe fadama, ba a hirar komai a gari sai ta 'yan ruwa da fatalwa da wanda aka ji yana kiran suna daga tsallake. Ya ce to, tunda jama'a tsoro suke marmari, a ba su. Duk shekara in ruwa ya kawo, sai ya ajiye fina-finan faɗa da na rawa, ya sa wani direba ya riƙa kawo masa na ban tsoro daga Kano.

Haɗuwarsu ba shiri. Wata ranar Asabar da hantsi Zarami ya kawo wa Laraba, matar Irmiya, tarwaɗa, ya tarar maigidan ya kulle kansa yana gwada sabon kaset. Ya leƙa. Wani Bature ne a cikin akwatin gawa, ya buɗe ido ya tashi zaune. Zarami ya tsaya kallo da kifi a hannu, can ya yi tsaki.

"Malam, wannan ai lafiyarsa ƙalau. Dubi wuyansa. Wanda ya kwana uku wuyansa ba ya lanƙwasa haka."

Irmiya ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya jawo masa kujera. Tun daga ranar, ba a nuna fim ɗin tsoro a shagon nan sai Zarami ya fara gani.

Kallon nasu ma abin kallo ne. Zarami na kallon talabijin, Irmiya na kallon Zarami. In an gama sai ya ɗauki alli ya rubuta hukunci a allon da ke ƙofar shago. Hukuncin hawa uku ne. In ka ga "Zarami ya yi gyangyaɗi", kana iya zuwa da ƙaninka. In ka ga "Zarami ya yi tsaki", akwai ɗan abin taɓawa. In kuwa aka rubuta "Zarami ya gyara zama", to ranar benci ba ya isa, kuma samari a ayari suke komawa gida, kowa na cewa ɗan'uwansa yake rakawa.

Bakinsa bai bar kowa ba. Na Indiya mai mace da farin mayafi tana yawo tana waƙa, ya ce wannan ba fatalwa ba ce, yaji ta yi, a aika biko. Na 'yan Sin masu gawa mai tsalle, ya yaba musu sun san gawa sandarewa take, amma ya ce su faɗa masa ina za ta da sauri haka kamar kwaɗo ya ji ruwan zafi. Jinin Turawa ya ce zoɓo ne, an ma cika masa ruwa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mutum ya ji motsi a bayan gida ya tafi shi kaɗai. "Ba shi da maƙwabta ne? Wannan ba dodo ya kashe shi ba, rashin zumunci ne." Duk da haka yana jinjina wa masu yin abin. Sau da yawa yakan sa a mayar baya ya sake ganin yadda fuskar mutum ke narkewa, ya girgiza kai ya ce ɗan Adam abin tsoro ne, da hannu fa suka ƙera wannan. A shekara biyar, sau huɗu kacal ya gyara zama.

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa har ya ci gonakin shinkafa na wajen Kafin Hausa. Direba ya kawo wani kaset da ko suna babu a jikinsa. Labarin ba wani labari ba ne, wata mata ce ta faɗa tafki, mijinta ya nutsa nemanta. Zarami har ya fara gyara bakin da zai ce ba haka ake nutso ba. Amma masu fim suka bi mijin har ƙasa. Ruwan garau, kamar na randa. Ga ta nan a tsaye cikin ciyawa, gashinta na tashi a hankali, hannayenta a buɗe kamar mai jiran a miƙo mata yaro, idanunta biyu a buɗe suna kallon wanda ya zo. Ba ta motsa ba, ba ta yi komai ba.

Zarami bai yi tsaki ba, bai gyara zama ba. Mamaki da tsoro suka rufe shi lokaci guda. Ashe haka suke. Ashe duk shekarun nan, yana lalube ido rufe, su nasu idon a kansa yake. Ya miƙe ya nemi takalmansa.

"Baba Zarami, me zan rubuta?"

"Kar ka rubuta komai, Malam. Wannan ba su yi ƙarya ba."

An ce gani ya kori ji, amma ba a faɗi abin da gani ke korowa ba. Daga ranar Zarami ya rasa duhun da yake aiki da shi. Ko alwala yake, ya rufe ido zai wanke fuska, sai ya gan ta. Ya koma kafa tarunsa a bakin gaɓa inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ya ce wa matarsa ƙirji ke damunsa. Kullum addu'arsa Allah ya sa ruwan bana ya janye bai ci kowa ba, don ya san in aka aiko, ba wani a garin da zai je a madadinsa.

Bayan kwana goma sha tara aka aiko. Jirgin fito ne ya kife da mata masu dawowa daga kasuwa, aka tsamo kowa sai mutum ɗaya, 'Yar'azumi mai saƙar tabarma, mai 'ya'ya biyu. Ya tarar bakin kogi cike. Samari biyu sun gwada sun fito hannu banza. Uwar yarinyar, wata tsohuwa siririya, tana zaune a kan yashi ba ta kuka. Da ta gan shi sai ta ce, "Zarami, ka taimake ni in ga ɗiyata a likkafani. Kar kifi ya riga ni."

Irmiya na cikin taron. Ya matso ya yi ƙasa da murya. "Baba, ni na ja maka wannan."

"Da ƙafata na je," in ji Zarami, ya tuɓe riga.

Nutson farko ko ƙasa bai kai ba ya taso yana haki. Ba a taɓa ganin haka ba. Na biyu wata ciyawa ta shafi kumatunsa, ya sha ruwa, ya fito yana tari. Ya riƙe gefen wani kwalekwale. Wani ya ce a ƙyale shi, girma ya zo. Kunya ta kama shi, amma tsoron ya fi kunyar. Ya ɗaga kai ya ga tsohuwar ba ta ko dubi mai maganar ba, shi take kallo. Ya yi bisimilla ya koma.

Abin da ya faru a ƙasa Irmiya kaɗai ya gaya wa, shi ma sai bayan shekara shida, da ya bar nutso. Ya ce a shekarun nan shida bai sake shiga ruwa ba tare da tsoro ba, ko sau ɗaya. Ranar dai ya bi saiwar wata giyayya da ruwa ya kayar, sai yatsunsa suka faɗa kan kitso. Da a da ne, gangarawa zai yi ya nemi ƙafa. Amma yanzu ya san ba kaya ba ne, mace ce, kuma ya san tana kallonsa. Numfashinsa ya kusa ƙarewa, zuciyarsa na ce masa ya saki ya gudu. Sai ya kai hannu ya shafa goshinta, ya sauko. Idanun a buɗe suke, kamar yadda ya zata. Ya sa babban yatsa ya rufe na dama, ya rufe na hagu, ya danne su kaɗan har suka zauna, yana yi mata addu'a a zuci. Sannan ya ɓanɓare zanenta daga saiwa, ya gyara mata shi.

Na kan tudu suna ta jiran igiya ta motsa, ba ta motsa ba. Har an fara salati, sai ga kansa ya ɓullo can ƙasa da inda ya shiga. Rungume yake da ita, kanta a kafaɗarsa, ya taho da ita a hankali har ruwa ya dawo masa ƙugu. Maza suka buɗe masa hanya, ya kwantar da ita a gaban uwarta, kuma a karon farko bai juya baya ba.

Tsohuwar ta hana a lulluɓe. Ta sunkuya ta daɗe tana duban fuskar, ta share mata yashi a gefen baki. Sannan ta ɗago ta dubi matan da ke kewaye da ita.

"Ku duba, idonta a rufe. Ba ta firgita ba. Allah ya ɗauke ta kamar mai barci." Ta juyo wajensa. "Haka ka same ta ko, Zarami?"

Yana tsaye ruwa na zuba daga gemunsa.

"Haka na same ta, Inna," in ji shi.

Sai a lokacin ta fashe da kuka.