Zumuncin da ya rufe bakin maƙwabciyata

A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Levenshulme cikin Manchester. Maigidana akanta ne, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi. Duk wanda ya san ni a wancan lokacin ya san halina, ba na iya ganin 'yan gari ɗaya su biyu a ƙasar nan ban haɗa su ba. In na ji Bazazzagi a kasuwar Gorton sai na nemo masa Bazazzagi, in na ga 'yar Jos a wurin GP, wato likitan unguwa, sai ta bar wurin da lambar wata 'yar Jos. Maigidana har ambasada yake ce mini, yana cewa ofishin jakadanci ya kamata su riƙa biyana albashi. Ni kuwa daɗi nake ji, don a kan haka aka rene mu: wanda ka haɗu da shi a baƙon wuri in garinku ɗaya ɗan uwanka ne, ba a ma tambaya. Edita, na rubuto ne don wannan halin nawa ya jefa wata baiwar Allah cikin masifa, kuma har yau ban daina jin nauyin abin ba.

Maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba mu. Ita da ɗanta kawai suke zaune, ta fito daga wani ƙaramin tsibiri a tsakiyar teku wanda ba zan ambaci sunansa ba. Yaranmu makaranta ɗaya suke, daga rakiyar safe muka saba, har ta kai in na soya masa sai na miƙa mata ta katangar baya, ita kuma ta miƙo mini kifinsu mai kwakwa. Yaya take ce mini, don ta ji ƙannena suna kirana haka. Abu ɗaya ne ya dame ni da ita: ba ta da kowa. Ba mai zuwa wurinta, ba ta zuwa taron 'yan ƙasarsu, in na yi mata zancen sai ta kawar. Ta taɓa ba ni labarin cewa a gidan rediyon ƙasarsu take aiki, aka kore ta don ta tambayi wani minista abin da ba a tambaya. Ta ce a can ana yin zaɓe, amma kowa ya san wanda zai ci tun kafin a buga takardun ƙuri'a, kuma tsibirin ƙarami ne, in ka yi tari a wannan gaɓar sai an ji a waccan. Na saurara, na ce Allah ya kyauta, amma a gaskiya ban ɗauki abin da nauyi ba. Mu da muka taso ana zagin gwamna a teburin mai shayi, a kira rediyo a wanke shi tas a koma gida a ci tuwo, sai na ɗauka ko'ina haka ne.

Gidajen unguwarmu bangonsu ba kauri, ko kofi aka ajiye sai ka ji. Duk ranar da ba ni da aiki, bayan mun kai yara makaranta, nakan ji muryarta ta bangon kicin tana magana da yarensu, ita kaɗai, a tsanake kamar mai karanta labarai. Da na tsokane ta cewa ko aljanu take wa wa'azi, sai ta yi dariya ta gaya mini gaskiya. Shiri take naɗa, ta sauya muryar da kwamfuta, ta saka a intanet, mutanen tsibirin su tura wa juna a waya. Tana faɗin wanda aka kama, da wanda aka hana taro, da jaridar da aka rufe. Ba wanda ya san muryar waye, kuma mahaifiyarta da ƙaninta, wanda malamin firamare ne, suna can. Ta roƙe ni maganar ta tsaya tsakaninmu, na ce ai ko maigidana ba zai ji ba, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Sai aka gayyace mu walimar aure a Lozells, can Birmingham. A ɓangaren mata na zauna kusa da wata yarinya mai ladabi, ƙawar amarya daga jami'a. Da na tambaye ta ƙasarsu ta faɗi sunan tsibirin nan, wallahi sai da na saki cokali don murna. Shekara da shekaru ina tausayin maƙwabciyata ba ta da ɗan uwa, ga Allah ya kawo mata har gefena. Na ce mata ai ina da 'yar ƙasarku, na faɗi sunanta, na ciro waya na nuna hotonmu na Sallah. Yarinyar ta ce gwamnatinsu ce ta turo ta karatu, ta yi ta tambaya, a ina take, me take yi, su waye danginta, ni kuma ina ta amsawa, ina cewa a raina ga yarinya mai son zumunci. Don in ƙara wa maƙwabciyata daraja a idonta sai na ce ai ba ƙaramar mace ba ce, tsohuwar ma'aikaciyar rediyo ce, har yanzu ma tana yi muku shiri daga kicin ɗinta. Ban manta alkawarin da na yi ba. Ni dai a kaina Turawa da hukumar gari da 'yan gulmar unguwa ake ɓoye wa magana, ban taɓa kawowa ana ɓoye wa 'yar gida ba.

Washegari na shiga wurin maƙwabciyata da kwanon abincin biki ina washe baki, na ce na kawo mata albishir. Ina cikin ba ta labari na ga ta dafa kujera ta zauna. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta tambaye ni daidai abin da na faɗa, na maimaita, ta sake tambaya ko na ambaci shirin, na ce na ambata. Sai ta ce duk ɗalibin da gwamnatinsu ta turo ana kiransa lokaci-lokaci a tambaye shi wa ya gani, wanda ya ɓoye kuma a yanke masa karatu. Ta ce ba ta zargin yarinyar da mugunta, ko gwaggonta kawai ta ba wa labari a waya ya isa. Ta ɗauki waya ta kira ƙaninta, suka gaisa, ta tambaye shi lafiyar tsohuwa da ruwan sama, ta kasa gaya masa komai don ta san ana sauraron layin. Ni kuma ina tsaye riƙe da kwano.

Daga ranar barci da abinci suka fita a raina. A wurin aiki sai in tsinci kaina na tsaya da cokali a bakin tsohuwa ina tunani. Duk safiya a ƙofar makaranta fuskar maƙwabciyata nake fara dubawa, in na ga ta gyaɗa kai na san ƙanin ya amsa waya, in samu numfashin yini ɗaya. Da na gaya wa maigidana sai ya ce magana zarar bunu ce, amma in je in gwada. Na hau jirgin ƙasa na koma Birmingham, amarya ta haɗa ni da yarinyar, na roƙe ta don girman Allah ta bar zancen a cikinta. Ta sunkuyar da kai ta ce ba ta gaya wa kowa ba, amma ba ta iya haɗa ido da ni ba. Har yau ban sani ba ko gaskiya ta faɗa, ko tsoro ne ya sa ta yi ƙarya, ko kuma da ma an riga an gano maƙwabciyata ta wata hanya. Na dawo Manchester da fargabar da ta fi wadda na tafi da ita.

Ba a yi wata ba, wata safiya maƙwabciyata ba ta fito rakiyar makaranta ba. Na buga ƙofa, ta buɗe da waya a hannu, ta ce an je har aji an tafi da ƙaninta a gaban ɗalibansa. Ba a faɗi laifinsa ba, ba a faɗi inda aka kai shi ba. Mahaifiyarsu, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ta yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan ana ce mata ta dawo gobe, maƙwabtan da suka yi shekaru suna cin abinci tare suka daina amsa gaisuwarta. Na durƙusa a ƙofar gidan ina kuka ina neman gafara. Ta ɗaga ni ta ce Yaya ki tashi, ba ke kika kama shi ba. Wannan kalma ta fi mari zafi a wurina.

Daga baya saƙo ya iso ta bakin wani dattijon danginsu, cewa in muryar nan ta yi shiru yaron zai koma gida. Na san yadda ta yi ta kai-kawo a kan wannan, don ina jin takunta ta bango. Mutane da yawa a tsibirin ba su da inda suke jin gaskiya sai wurinta, ga kuma ƙaninta da uwa ɗaya ta haife su. Ta zaɓi ƙaninta ta daina shirin, kuma ban ga wanda zai ga laifinta ba. Bayan wasu watanni aka sake shi, ya rame, an kore shi daga koyarwa, an karɓe fasfonsa. Ita kuma ta nemi wani gida a garin da ba ta gaya mini ba. Ranar da za ta tashi ta rungume ni ta ce ta yafe, amma adireshi kam ba za ta ba ni ba, kuma na san dalili.

Abin da na koya shi ne ba kowane baƙo ne ke kewar 'yan garinsu ba, wani su ya gudo wa. Mu Hausawan da ke ƙasar nan muna da saurin cewa ga ɗan garinku, muna ganin lada muke nema, alhali ba mu san abin da mutum ya baro a baya ba. 'Yan uwa, in kun ga maƙwabci yana kauce wa mutanensa kada ku ce girman kai ne, kada kuma ku ce za ku gyara masa. Kada ku ba da suna ko hoto ko labarin aikin wani sai kun tambaye shi, ko da wanda ke tambayar ya fi kowa ladabi. 'Yancin da muke da shi na buɗe baki mu faɗi abin da muka ga dama, wasu da jinin danginsu suke biyansa. Yanzu wasu ma'aurata ne a gidan, mutanen kirki. Amma har gobe in ina wanke-wanke da safe nakan kashe famfo in kasa kunne a bangon kicin, ba na jin komai sai ƙarar injin wankinsu. Gwamnati guda ta yi shekaru tana neman rufe bakin matar nan ta kasa, ni da nake ƙaunarta na rufe mata shi a kan farantin shinkafar biki.